Yadda na ɗauki hoto da waya a Yamai, na gyara shi, aka wanke mini babba na bango

Hotuna biyu na so in rataya a bango, ɗaya na maƙerin tukwanen dalma a kasuwar Katako, ɗaya na kwalekwale a kogin Isa da faɗuwar rana, kuma duka da wayar salula na yi niyyar ɗaukarsu. Aikin ya bi ta hannu da yawa, daga gidan hoto zuwa kasuwa, bakin kogi, manhajar gyara, har wurin mai firam, kuma a kowane mataki akwai abin da ba wanda zai gaya maka sai ka tambaya. Ga yadda ya tafi.

Gidan hoto na fara zuwa, tun ban ɗauki komai ba. Na tambayi yaron da ke kan kwamfuta girman takardun da injinsu ke fitarwa, ya lissafo mini 10x15, 13x18, 20x30, 30x40 da 30x45, duka a santimita. Injin wankin hoto irin na sinadari yawanci faɗin takardarsa ba ya wuce santimita 30, abin da ya fi haka sai a babban injin tawada. Amfanin tambayar shi ne sanin siffar takarda. Kyamarar waya tana ɗauka a siffar 4:3, wadda ta yi daidai da 30x40. Amma 10x15 da 20x30 da 30x45 siffarsu 3:2 ce, ta fi tsawo, don haka hoto mai fiksel 4000 da 3000 sai an yanke shi ya koma 4000 da 2667 kafin ya cika takardar. Kusan kashi 11 cikin 100 ke nan ya tafi, kuma idan ba kai ka yanke ba inji zai yanke maka, ba ruwansa da hular mutum ko yatsun ƙafarsa. Na zaɓi 30x40. Lissafin ko hoto zai kai wannan girman mai sauƙi ne: ka ninka fiksel na dogon gefe da 2.54, ka raba da santimitar dogon gefen takarda. Fiksel 4000 a kan santimita 40 ya ba da dpi 254, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci na takarda. Ma'aunin da masu buga hoto suka fi so 300 ne, amma hoton bango da ake kallo daga taku ɗaya ko biyu, 200 ya wadatar. Ƙasa da 150 ne ake fara ganin fuska ta yi laushi kamar an shafe ta.

Daga nan na zauna na shirya wayar. Na mayar da siffar ɗauka 4:3, domin waccan da ke cika allon waya gaba ɗaya yanke sama da ƙasan hoto kawai take yi. Na kashe rubutun sunan waya da ke fitowa a kusurwar hoto, abin da Tecno da Infinix da wasunsu kan zo da shi. Na kashe mai gyaran fuska, wanda ke goge ramukan fata ya bar kunci kamar roba. Na kunna layukan nan da ke raba allo gida tara. Mai iPhone ya shiga saitin kyamara ya zaɓi tsarin da ke ajiye JPEG, don tun 2017 wayar tana ajiyewa a HEIC, kuma tsofaffin kwamfutocin gidajen hoto ba duka ke buɗe shi ba. Wayar da aka rubuta mata megafiksel 48 ko 50, a ɗaukar yau da kullum wajen 12 take bayarwa, tana haɗa fiksel huɗu su zama ɗaya. Da rana mai haske za ka iya kunna cikakken adadin, amma a rumfa mai duhu 12 ɗin ya fi tsabta. Sai idon kyamara: da hunturu ƙura takan kwanta a kansa cikin ɗan lokaci, a hure ta tukuna sannan a goge da ƙyalle mai laushi, don gogewa da ƙura a kai karce gilashin yake yi.

Katako na je da hantsi. Rana a Yamai ba ta jinkiri, kafin ka ankara ta hau tsaka, inuwa ta taru a ramin ido da ƙarƙashin hanci. Ban fito da waya ba sai da na gaisa da maigidan rumfar, dattijo ne, yaransa na buga ƙasa a akwatin zubi, wani na hura wuta ƙarƙashin dalmar da ke narkewa. Na ce masa, "Baba, hotonka nake so in ɗauka kana aiki, na bango ne, kuma zan kawo maka naka." Ya ce, "To ɗana, amma kada ka tsaya kusa da zubin nan." Wannan izinin ya ɗauki lokaci, da zama a benci da shan shayi, kuma shi ya sa mutanen rumfar suka daina kallon waya suka koma aikinsu. Matsalar wurin ta haske ce. Sabbin tukwane farare fat suna walƙiya a bakin rumfa, shi kuma dattijon baƙi ne, yana zaune cikin inuwa. Idan ka bar waya ta auna da kanta, ko dai ta bi tukwanen fuska ta nutse, ko ta bi fuska tukwanen su ƙone su zama farin fili. Na danna yatsa a fuskarsa na riƙe har awon ya kulle, sannan na ja alamar rana ƙasa kaɗan har zanen jikin tukwanen ya dawo. Dalili kuwa, wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a gyara, amma wurin da ya ƙone fari babu komai a cikinsa da za a dawo da shi.

Tsarin hoton ya fi cin lokaci. Da farko ina tsaye, sai bayan kansa ya cika da tarkace, tsoffin tayoyi, babur, da wata dirkar rumfa da ta fito daidai tsakiyar hularsa. Na tsuguna har wayar ta zo daidai ƙirjinsa, na matsa hagu taku ɗaya, dirkar ta koma gefe, bayansa ya zama baƙin kwanon rumfa wanda hayaƙi ya rina, fuskar ta fito sarai. Na sa idonsa a mahaɗar layin sama da na dama, na bar fili a hagu inda yake kallo. Jerin tukwane, daga babba zuwa ƙarama, na sa ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu ya nufi hannunsa, ido ya bi su ya isa ga aikin. Ban taɓa zuƙowa da yatsu biyu ba, don wannan yanka ne tun a wurin ɗauka: zuƙowa ninki biyu a waya mai ido ɗaya ya bar maka ainihin fiksel 2000, wato dpi 127 a takardar 30x40. Ƙafa na yi amfani da ita. Amma kusantar fuska sosai da faffaɗan idon waya yana kumbura hanci, don haka ban matsa ƙasa da mita ɗaya da rabi ba. Na kuma bar ɗan sarari a gefe huɗu, wanda daga baya ya yi rana, kuma na ɗauka da yawa a lokacin da yake kankare bakin tukunya, saboda hannu mai motsi cikin inuwa yakan fito a dushe.

Bakin kogi na je da la'asar sakaliya, ta wajen unguwar Gamkale, katin shaida a aljihu. Gada, barikin soja, filin jirgi da gine-ginen gwamnati ba wuraren nuna wa kyamara ba ne a ƙasar nan, don haka na zaɓi inda gadar Kennedy ba ta shiga hoto ko kaɗan. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi, amma da hazo takan dushe ta ɓace tun ba ta taɓa ƙasa ba, saboda haka wanda ya zo ƙarfe 6 ya kusa makara. Hazon kansa alheri ne ga mai hoto, yana mayar da rana jan faifai da za a iya kallo, yana kuma jera tsaunukan Harobanda na ƙetaren kogi ɗaya bayan ɗaya, kowane ya fi na gabansa haske. Na sa gaɓar can ƙetare a layin sama, ruwa ya ci kashi biyu cikin uku, tunda sararin sama ba gajimare, babu abin kallo a cikinsa. A gaba na sa ciyawar bakin ruwa don hoton ya samu zurfi. Awon haske a sararin kusa da rana na kulle shi, mai kwalekwale ya zama baƙar sura. Sai jira. Kwalekwale ya wuce sandarsa ta haɗu da jikinsa, wani ya wuce surarsa ta nutse cikin duhun gaɓa. Wanda ya yi shi ne wanda ya shigo cikin hanyar hasken da ke kan ruwa, sanda a ɗage, ruwa mai haske ya kewaye shi ta ko'ina, da fili a gabansa inda ya nufa.

Gyara a Snapseed na yi, manhajar Google ce, kyauta. Kafin in buɗe ta na kashe mai rage shuɗin haske na dare, na mayar da launin allo na asali, na sauke hasken allon zuwa wajen rabi, na zauna a ɗaki inda rana ba ta bugun wayar. A saitin manhajar na zaɓi kada a rage girman hoto, ingancin JPG kuma 100. Tsarin da na bi: miƙewa da yanka tukuna, sannan haske, sannan launi, kaifi a ƙarshe. Gaɓar kogin ta ɗan karkace, kuma juya hoto digiri 3 kawai yana cin kusan kashi 6 cikin 100 na tsawo da faɗi, nan sararin da na bari ya biya. A hoton dattijon na sauke wuraren haske zuwa -40, na ɗaga inuwa +25, Ambiance, mai daidaita haske a duk hoton, +15. Fuskar na bi ta daban da Sélectif: ka ɗora ɗigo a kunci, ka matse da yatsu biyu har jan launin da ke nuna iyakar gyaran ya tsaya a fuska da wuya, ka ƙara haske wajen +20. Iyakarsa ke nan. Ɗaga inuwa fiye da kima yana fito da ɗige-ɗige masu launi a fata, ya mayar da baƙin mutum toka-toka, kuma a ganina mayar da mutum fari a hoto cin fuska ne, ko da shi ya roƙa. Structure, mai fito da zanen jikin abu, na sa wa tukwane da hannuwa kaɗai, ban bari ya wuce 15 ba, don a fuskar tsoho yana zurfafa kowace tamoji har ta zama tsaga.

Da na duba sai na ga wata shuɗiyar jarka a gefe tana jan ido fiye da mutumin, sai na gwada baƙi da fari, kuma a haka hoton ya tsaya. A wannan sashen akwai matatan launi: ja da ruwan lemo suna haskaka fata, shuɗi yana duhunta ta ya fito da kowane tabo. Ruwan lemo na ɗauka. Na ƙara Vignette, mai duhunta gefen hoto, kaɗan, daidai yadda ba za a lura an sa ba.

Na kogin ɗumin launi ya fi buƙata. Waya takan ga jan yamma ta ɗauka kuskure ne ta sanyaya shi, sai na mayar da ɗumi +10, ƙarfin launi kuma ban wuce +5 ba, domin ja da ruwan lemo su ne launukan da suka fi saurin cushewa a takarda su zama faci ɗaya. Ledoji biyu da ke cikin ciyawa na goge da abin share tabo, bayan na zuƙo sosai ina taɓawa kaɗan-kaɗan, saboda dogon ja yana kwafo igiyar ruwa iri ɗaya sau biyu, kuma ido yana kama wannan nan take. Hoton ado ne shi ya sa na goge, da na labari ne da ledar ta zauna inda take. Na gwada Double exposition, mai ɗora hoto kan hoto, na ɗora garken tsuntsaye daga wani hoton da na ɗauka a wurin da yammar, na zaɓi haɗin da ke riƙe mafi duhu don sararinsu ya ɓace su kaɗai su rage, sannan na shiga jerin gyare-gyare na share gefen da burushi. Ya zauna ne saboda hasken hotunan biyu ɗaya ne. Tsuntsun tsakar rana a kan faɗuwar rana ba ya ɓoyuwa. Abin da ake kira HDR a manhajar ban kusance shi ba, farin zobe yake zagaya wa duk baƙar sura. Kowane hoto sau ɗaya na fitar da shi, don JPEG yana raguwa duk lokacin da aka sake ajiye shi, kuma a sararin sama abin ke fara nunawa, launi ya riƙa hawa matakala-matakala.

Da na koma gidan hoto yaron ya ce, "Yaya, turo ta WhatsApp." Na tura a matsayin fayil (document), ba a matsayin hoto ba. Turawa ta yau da kullum tana matse dogon gefe zuwa wajen fiksel 1600, wanda a 30x40 wajen dpi 100 ne kawai, kuma nan ne mafi yawan hotunan bango ke mutuwa ana zagin inji. Na sa ya buɗe bayanin hoton a kwamfutarsa muka ga adadin fiksel bai canza ba. Mai zuwa da kile USB ya zo da wadda kwafi kawai ke ciki, kwamfutar da kowa ke soka wa kile ba ta rasa cuta. Na roƙi abu biyu: a kashe gyaran da inji ke yi da kansa, wanda zai ga baƙar surar mai kwalekwale ya yi ƙoƙarin haskaka ta, kuma a fara fitar mini da gwaji a 10x15. Na biya sefa 250 kowane. Gwaji iri biyu na yi wa kowane hoto, ɗaya cikakkensa da farin gefe don a ga haske da launi, ɗaya kuma yankin fuska kaɗai a girman da zai fito a babbar takarda don a ga kaifi. Akwai layi, masu hoton fasfo da na biki sun riga ni, ana cikin haka aka ɗauke wuta, kuma ko da janareta ya tashi sai da aka jira inji ya koma zafinsa. Na yi zaman fiye da awa.

Gwajin na fita da shi bakin ƙofa na duba a inuwa, don fitilar shago tana sa launi ya yi kore-kore. Ya fi na waya duhu, kuma haka yake a ko'ina: allo haske yake fitarwa, takarda kuwa wanda ya faɗo mata take mayarwa. Ciyawar gaban kogin ta haɗe ta zama baƙi ɗaya, baƙi da farin kuma ya ɗan ja zuwa shunayya. Na buɗe gyaran a waya na ƙara haske +12 da inuwa +10, yaron kuma ya rage shunayyar a injinsa mataki ɗaya. Gwaji na biyu ya yi. Ganin zanen hannun dattijon ya fito a ƴar takardar nan ya kwantar mini da hankali, don har lokacin ina shakkar waya za ta kai. Na zaɓi takarda marar ƙyalli, tunda bayan gilashi za ta shiga, mai ƙyalli kuwa tana riƙe shatar yatsa tana kuma mayar da hasken taga. Manyan biyun jika 5, wato sefa 5000, kowane, na ba da rabi kafin alƙalami, na sa aka rubuta a rasit girma, irin takarda, adadi, da cewa ba gyaran inji, na kuma bar gwajin da na amince da shi a manne da rasit ɗin, saboda wanda ya karɓi aiki da safe ba lalle shi ne zai buga da yamma ba. Washegari na karɓa, na duba a gabansu ko akwai layi ko ɗigon ƙura, aka sa mini tsakanin kwali biyu. Kada a yarda a naɗe da roba. Wani shagon ya yi mini tayin rabin kuɗin a injin buga allunan talla, na ƙi, don ɗigon tawadarsa manya ne, an yi shi ne don kallo daga ƙetaren titi.

Mai firam shi ne na ƙarshe. Bakin katako yana rufe wajen milimita 5 a kowane gefe, don haka duk abin da ke dab da baki ya tafi. Na nemi a sa farin kwali mai taga tsakanin hoto da gilashi, faɗinsa santimita 5, wanda ya sa firam ɗin ya zama 40x50. Ban da kyau, kwalin yana hana hoto taɓa gilashi, don da damina laima takan manne su, in an zo ɓamɓarewa fuskar hoton ta biyo gilashin. Ya so ya shafe bayan hoton da gam ya manna a katako, na ce a'a, a kama shi da tef daga sama kawai ya rataya, don takarda tana miƙewa tana tsukewa da yanayi, in an ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu. Gilashi mai kaurin milimita 2 ya isa wannan girman. Na sa ya goge cikinsa ya bushe sarai kafin ya rufe, ya kuma liƙe bayan da takarda mai gam saboda ƙura da ƙwari. Jika 8 kowane bayan ciniki, ya ce jibi, ya zama gata.

Wanda zai bi wannan hanyar, girman takarda zai fara yankewa, shi zai gaya masa siffar da zai ɗauka da iyakar abin da zai iya yankewa. Kuɗin gwaji kada ya ji ƙyashinsa, kuɗi kaɗan ne ya tsare jika 10. Ya ajiye asalin hoton da bai taɓa ba a wuri biyu, ya kuma ajiye wanda aka haskaka don takarda da suna daban, tunda a allo zai yi fari da yawa, bai dace da Facebook ba. Na dattijon na ƙara wanke 13x18 na kai masa rumfa. Manyan kuma na rataye su a bangon da ba ya fuskantar taga, nesa da murhu, don rana kai-tsaye tana kashe launin hoto.